Abokan Gardamar Malam Asumana

Cikin shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu na garin Tawa, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da Inna Zainabu ta fara shigowa wurinmu. Lokacin ni ke riƙe da teburin aro, wato ni ke yi wa mutane kati, in ba da littafi, in karɓa idan an maido. Sama da ni akwai Madam Rakiya, shugabar gidan. Yawancin masu zuwa 'yan makaranta ne da ke shirin jarrabawa, sai malamai, sai tsofaffin ma'aikata masu karanta jarida. Shi ya sa da na ga dattijuwa ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta tsaya tana duban kantoci, na ɗauka jikanta take nema.

Na ce, "Inna, wa kike biɗa?"

Ta ce, "Ba kowa, ɗana. Littahi nike so, na Faransanci, irin na masu ilimi."

Na ba ta kujera, ta yi mini bayani. Mijinta, Malam Asumana, malamin dabbobi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawon yi wa bisashe allura, daga Affala har rugagen arewa. Bayan ya aje aiki suka koma Kalfu, can ciwon suga ya cinye masa ido. Tun daga nan ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ya fita, ba ya karɓar masu gaisuwa, abinci kuwa yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Likita ya gaya mata magani ba zai yi aiki ba matuƙar ba ya ci. Ita kuma ta tuna da can mutum ne mai son karatu, sai ta ce bari ta gwada karanta masa. Ta taɓa firamare kaɗan tana yarinya, daga baya ta shiga ajin manya ta koyi karatun Hausa.

Dokarmu ita ce, mazaunin cikin gari kawai ake bai wa littafi ya tafi da shi gida, kuma ya maido cikin mako biyu. Ita kuwa sau ɗaya a wata take shigowa Tawa, ranar da take kawo shi asibiti. Na shiga biro, wato ofis, na faɗa wa Madam. Ta leƙo ta dubi matar, ta ce, "Yi mata kati. Ranar asibitinsu ita ce ranar maidowa. In an tambaya, ni na ce."

Wajen zaɓe na bi yadda aka koya mana: ka tambayi aikin mutum da shekarunsa da abin da ya saba karantawa. Na ɗauko mata wani labari na Faransanci a kan rayuwar makiyaya, wanda ni kaina nake so ƙwarai.

Da wata ya zagayo ta aje shi bisa tebur, ta aje katin a kansa.

Ta ce, "Ko shahi biyu na littahin ba mu karanta ba. Ina karatu shina gyara mini baki, daga baya yac ce in bari, kunnuwanshi na ciwo. Na gode, ɗana, amma abin ya hi ƙarhina."

A nan na gane cewa mutum biyu nake zaɓa wa littafi, mai saurare da mai karantawa, kuma dole littafin ya bi ta bakinta kafin ya isa kunnensa. Na kai ta kantar ƙasa, inda muke aje ƙananan littattafan Hausa na ajin manya. Ta ja da baya.

"Waɗanga ai na irinmu ne. Mutum da yay yi karatu mai zurfi, sai ya ga kamar na rena shi."

Na ce, "Inna, ki gwada. In ya ƙi, ba ki rasa komai ba."

Na haɗa mata biyu: ɗaya labarin wata mata da ta bi ayarin fatake, ɗaya kuma ɗan littafi kan kula da dabbobi lokacin rani.

Da ta dawo, tun daga ƙofa na ga tafiyarta ta sake. Ta ce labarin ko motsi bai yi ba da ta karanta masa. Amma da ta fara na dabbobin, ta zo inda aka ce a riƙa kai garke ruwa safe da yamma a bazara, sai ya juyo ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya tashi zaune ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa kiwo a ƙasarmu ta Adar ba, don inda rijiya ke da nisa, kai da kawowar kaɗai ya isa ya karya dabba. Ya dinga bayani har maƙogwaronsa ya bushe, ya ce a dama masa fura. Washegari ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya aika a kira wani maƙwabcinsu makiyayi ya zo ya ba da shaida.

Na kai wa Madam labari, na ce ga alama mutumin nan ba ya son littafin da zai yarda da shi. Ta yi dariya ta ce, "To, ka nemo masa abokan gardama."

Haka na yi. Na riƙa duba masa littattafan Hausa masu ba da shawara kan abin da ya sani: ginin rijiya, ajiyar hatsi a rumbu, tarihin garuruwan yankin. Kowane wata Inna Zainabu tana kawo mini hukuncinsa. Wani ya ce rabinsa gaskiya ne, wani ya ce marubucin ya san aikinsa amma ya cika surutu. Da waɗannan maganganun nake zaɓen na gaba. Zauren kuma ya fara cika, makiyaya na zuwa sauraren karatu, daga nan su kawo tambaya kan dabbobinsu.

Wata rana bayan asibiti ta shigo riƙe da hannunsa. Dogon mutum ne, ya rame, amma muryarsa na nan da ƙarfi. Ya shafa bayan littattafan da ke jere bisa kanta, sannan ya miƙo mini hannu.

"Kai ne ke aiko mini waɗanga mutane masu ja da ni?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Kar ka daina."

Damina biyu ya ƙara yi a duniya. Bayan ta fita takaba, Inna Zainabu ta kawo littafin ƙarshe. Na yi mata ta'aziyya, na miƙa hannu in karɓi katin in rufe, kamar yadda muke yi idan mai aro ya daina. Ta riƙe abinta.

"Kar ka ruhe. Wancan labarin na matar da tab bi hwatake, shi bai so shi ba, amma ni sai da na karance shi a madahi, har na sake. Akwai irinshi? Wanda mace ke tahiya nesa ta ga duniya."

Akwai, na kuwa ɗauko mata. Har na bar aiki tana zuwa aro, kuma ba ta sake taɓa littafin dabbobi ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya shi ne, aikin mutum da shekarunsa ba su isa su gaya maka abin da zai so ba. Wani labari yake nema, wani ta'aziyya, wani kuwa so yake a ja da shi don ya ji har yanzu iliminsa na da amfani. Ba ka sanin wannan sai littafi ya je ya dawo. Don haka idan an maido littafi, kar ku yi saurin mai da shi kanta. Ku tambayi yadda aka ƙare da shi a gidan, ku kuma tambayi wanda ya kawo shi, shi me yake so.