Ragowar Ruwan Moda

Tsohuwar ungozomar ba mai yawan magana ba ce. A ɗan asibitinsu, ranar awo, in mai farfaɗiya ta shigo da cikinta sai mata su dare daga benci, a ɓoye modar randa, wai ana ɗaukar ciwon ta yawu. Wannan wulaƙancin ya sa wata ta daina zuwa karɓar magani, ta faɗi a bakin murhu, aka rasa ta har da cikin.

Tun daga ranar, ungozoma da kanta take ɗebo wa masu farfaɗiyar ruwa.

"Sha, 'yata. Kuma kada ki kuskura ki ajiye maganinki ba mu yi shawara ba."

In mai cikin ta sha, sai ungozoma ta karɓi modar, ta bi matan benci da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta shanye ragowar.