Muryar da muka hau dutse da ita

Ko da zan manta duk hanyoyin da tayar kekena ta taka a ƙasar Togo, ba zan taɓa manta hawan da muka yi a bayan Kpalime wata damina ba, da tsohuwar da ruwan sama ya kai mu ƙofarta.

A lokacin ina sayar da atamfa a shagon kawuna a kasuwar Adawlato da ke Lome. Mu 'yan samarin Zongo ne da son keke ya haɗa, kowa da sana'arsa: akwai ɗan zemijan mai ɗaukar fasinja a babur, akwai ɗalibin jami'a wanda rabin maganarsa Faransanci ce, akwai kuma babbanmu, wani tela mai faɗin kafaɗa da duk muke kira Yaya. Kekunanmu na gwanjo ne, mun sa musu tayoyi masu kauri saboda tsakuwa. Lome kuwa shimfiɗe take kamar tabarma. Sai ka je Baguida ka dawo ba ka hau komai ba sai gada. Shi ya sa wasu ranakun Lahadi mukan ɗaure kekunan a saman motar haya bayan sallar asuba, mu nufi arewa inda duwatsu suke. Mutanen unguwa dariya suke mana. Uwata ma cewa take, "Ƙato da gemunsa ya biya mota don ya je ya sha wahala."

Ba ta san daɗin ba. In ka bar kwalta ka shiga jar hanyar nan da ke ratsa gonakin kofi da ayaba, duniya sai ta rage maka numfashinka da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Hawan yakan sa ka rantse ba ka ƙara zuwa, gangarar kuma ta sa ka yi kaffara.

Ran da nake faɗa, mun bi wata hanyar da ba mu taɓa bi ba. Muna tsakiyar hawa hadari ya rufo daga wajen Gana, kafin mu yi shawara ruwa ya tsuge. Jar ƙasar ta koma taɓo, ta cushe tsakanin taya da birki har keken ya ƙi juyawa. Muka sauka muna turawa, muna zamewa, muna tsine wa wanda ya zaɓi hanyar. Da ƙyar muka kai wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gefen dutse, muka fake a rumfar gidan farko. Ɗan zemijan ɗinmu ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Wallahi yau ko uwata ba za ta gane ni ba."

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, da Hausa tsantsa, irin ta kakanninmu: "Su wane ne nan ke maganar gida?"

Muka waiga. Wata tsohuwa ta fito tana dafe da bango, ƙafafunta a kumbure. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Sannu Mma. Mu 'yan Zongon Lome ne, ruwa ne ya koro mu."

"Zongo," ta ce, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Ku ƙara magana, 'ya'yana. Ku faɗi ko mene ne, ni dai in ji."

Ta sa jikarta ta hura mana wuta, aka kawo dafaffiyar doya da manja. Muna ci tana ba mu labari. A tsohon Zongo aka haife ta, wanda yake cikin gari kusa da kasuwa kafin a tashe shi a mai da mutane bayan gari. Ubanta mahauci ne. Tana budurwa ta so wani manomin kofi da ke kawo kaya Lome, ba Bahaushe ba ne, uban ya ce in ta bi shi kada ta sake taka masa gida. Ta bi shi. Ta ce mijin ya riƙe ta da mutunci har Allah Ya ɗauke shi, ba ta da abin cewa a kansa. Amma sau ɗaya, bayan ta haifi 'ya'ya, ta daure ta sauka Lome don ta roƙi gafara, sai ta tarar babu gidan, babu lungun, babu unguwar gaba ɗaya.

"An ce mini sun koma can gaba," ta ce. "Na tsaya a tasha har rana ta karkata. Kunya ta hana ni ƙarasawa. Na ce sai wani zuwan."

Wani zuwan bai zo ba. 'Ya'yanta da jikokinta yaren Ewe suke yi. Ta ce a salla da mafarki kaɗai Hausa ta rage mata. Da ruwa ya tsagaita za mu tafi, ta riƙe hannun Yaya ta faɗa masa sunan ubanta da na wata ƙanwarta da ta bari tana wasan 'yar tsana. "In tana raye, ku ce mata ban manta ta ba."

A gangarar ranar babu mai ihu kamar yadda muka saba.

Neman bai yi wuyar da muka zata ba, don a Zongo tsofaffin mata sun fi kowa sanin wa ya haifi wa. Uwar Yaya tana jin sunan mahaucin ta dafe ƙirji, ta ce ai ƙanwar tana nan bayan masallacin Juma'a, Hajiya ce mai 'ya'ya da jikoki, sai dai ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Muka je ni da Yaya. Da muka faɗa mata daga inda muka fito, ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, hawaye na bin kunnenta. An ce musu yayarta ta rasu tun tuni, har sadaka sun yi mata.

To, ga mai rai ga mai rai, amma babu hanyar haɗuwa. Hajiya ba ta tashi. Tsohuwar can ba ta iya zama a babur, mota kuma ba ta kaiwa ƙauyen sai da rani, don ruwa ya cinye 'yar gadar da ke ƙasan dutsen. Waya ma ba ta kamawa a wurin. Ɗalibin namu ne ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Mais, mu ɗauki muryarta mana, mu kai mata." Haka aka yi. Na riƙe wayata a bakin Hajiya, muka kau da kai, ta yi magana da harshenta mai nauyi har ta gaji.

Lahadin da ta biyo baya babu wanda ya makara. Na naɗe wayar a leda, na sa a aljihun ƙirji, ina taɓa ta a kowace kwana kamar mai ɗauke da ƙwai. A wajen karyayyiyar gadar muka saɓa kekuna a kafaɗa muka ratsa ruwan har cinya. Hawan ƙarshe ya kusa kayar da ni, cinyoyina suka ɗaure, na ce su je zan iso. Yaya ya dawo gefena, ya ɗora tafin hannunsa a bayana yana tura ni, shi ma yana haki. "Kai ne ke ɗauke da amanar," ya ce. "Ko a goye sai ka kai." Har yanzu nakan ji ɗumin hannun nan a tsakiyar bayana.

Muka same ta a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na kunna. Murya ta fito a hankali: "Yayata, ni ce. Baba ya yafe miki tun kafin ya rasu. Da sunanki a bakinsa ya tafi."

Tsohuwar ba ta yi kuka nan take ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta manna a kunnenta, ta ce, "Na'am. Na'am, ƙanwata," tana amsawa kamar suna ɗaki ɗaya. Ta sa na maimaita har batir ya kusa mutuwa, sai da muka roƙe ta ta bar ragowar don amsarta. Da ta zo yin tata, gaisuwa kaɗan ta yi, sai ta kama wata waƙar goyo da take yi wa ƙanwar tana jaririya. Ƙattin maza muna tsaye da taɓo har gwiwa, kowa ya sami abin dubawa a jikin kekensa.

Hajiya ta ji waƙar washegari. Leɓenta na bi, ba ta manta ko baiti ba. Muka yi alkawari da rani za mu ɗauko yayar da mota. Ba a kai ranin ba, Hajiya ta rasu.

Mu muka kai labarin, a kan kekunan nan dai. Tun daga fuskokinmu tsohuwar ta gane. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ta ji muryata?"

Yaya ya ce, "Ta ji, Mma. Har ta bi ki waƙar."

"To alhamdulillahi," ta ce. "Ba ku hau a banza ba."

Ita ma ba ta daɗe ba bayan haka. Mu kuma rayuwa ta watsa mu. Yaya yana ɗinki a Gabon, ɗalibin yana Turai, ɗan zemijan ya zama mai iyali ba ya da Lahadi. Kekena yana rataye a zaure, tayoyinsa sun sace. Wani lokaci in hadari ya haɗo ta arewa nakan tsaya a ƙofar shago in ji kewarsu duka ta taso mini, su da jar hanyar da tsohuwar da ta roƙe mu mu yi magana kawai.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar masu iya magana da suka ce zumunci a ƙafa yake. Kunya da "sai wani zuwan" sun raba 'yan uwa biyu tsawon rayuwarsu, alhali tafiyar yini ce tsakaninsu. In akwai wanda zuciyarka ke nema, tashi ka je tun yana iya amsa sallamarka.