Rabin Aski a Kankiya

Ko zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digiri na biyu, ba zan manta ranar da na ratsa kasuwar Kankiya da rabin aski ba.

Aikina a jami'a lokacin shi ne lissafa yadda wata na'urar gano iskar guba za ta yi aiki, irin iskar da ƙwayar maganin ƙwari ke fitarwa a rumbun wake. Bututu ne mai madubi biyu suna kallon juna. A harba hasken leza ciki, ya yi ta kai da komo sau dubbai. Komai ƙanƙantar iskar sai ta rage hasken, a nan ake kama ta. A kwamfutata komai tsaf. A ɗakin gwaji kuwa hasken da wuri yake mutuwa, wata rana ma ya ƙi zama sam. Malamina ya ba ni mako biyu: in gano inda lissafina ya kauce, ko in maimaita shekara.

Na tattara komatsaina na gudo gida. Mahaifina ya dubi sumata ya ce, "Wanga kai, mahaukacin tasha ma ya fi ka kyan gani. Tashi ka tai aski."

Mai askin mutumin kudu ne, ya daɗe a garin har Katsinancinsa ya fi nawa. Shagonsa na katako ne da rufin kwano, madubi gaba, madubi baya. Bazara ce, bayan azahar. Ina kallon kawunana jere cikin madubi, sai na ga layin ya karkace hagu ya ɓace. Da yake lokacin ina ji da boko, na ce, "Oga, madubanka ba su saitu ba. A lissafi, sak ya kamata layin nan ya miƙe."

"To, sarkin lissafi," in ji shi, "zo da safe ka gani, sak yake. Rana na dukan kwano katako ke lanƙwashewa, madubin ya bi shi. Mantuwa na yi yau." Ya ciro wata ninkakkiyar takarda ya cusa bayan madubin. Nan take kawunana suka miƙe.

Wallahi nan take na gano bakin zaren. Madubaina na kwamfuta ba su san zafi ba! Mu kuwa da rana muke gwaji, da janaretan da ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarfen da ke riƙe madubin ya yi zafi ya ɗan motsa, haske ya zille. Wata huɗu ina zargin lissafi, ashe rana ce.

Na miƙe zumbur da ƙyallen askin a wuyana.

"Kai! Ina za ka? Saura rabi!"

Ina! Na riga na kai bakin titi. Masu kayan miya har da tafi. Mahaifina na ganina ya yi salati ya ce, "To, yanzu kam ka kere mahaukacin tashar."

Na saka zafi cikin lissafin, na kifa hula na koma makaranta. Muka auna da sassafe, muka auna da rana, lambobina suka bi na ɗakin gwaji sau da ƙafa. Malamina, wanda ba ya yabon kowa, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka tsira." Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Ban bari kowa ya taɓa kan nan ba har na dawo Kankiya. Na cire hula a ƙofar shagon, Oga ya yi dariya har da riƙe ciki. "Zauna in ƙarasa, sarkin lissafi. Ƙyallena fa?"

Yau ni ke koyarwa. Duk ɗalibin da ya kawo mini lissafi mai kyau, nakan ce ya je ya wuni kusa da na'urar tun safe har la'asar, ya kuma tambayi wanda ke wuni da ita kullum. Shekarata guda takarda ninki huɗu ce ta cece ta, kuma ba a hannun farfesa na gan ta ba.