Iskar Ramin Inji

A fadamarmu ta Sabon Gida, in rani ya yi nisa ruwa sauka yake ƙasa, har injin ban ruwa ya kasa jawo shi daga sama. Sai a haƙa rami a bakin rijiya, tsayin mutum biyu ko fiye, a sauke injin can ciki ya kusanci ruwan. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba, kwana biyu ba ruwa ganye ya kwanta. In tiyo ya kwance ko injin ya fara tari, dole wani ya sauka ya gyara. A gefenmu, wannan wanin yayana ne.

Yayana ba ya tsoron abin da ido ke gani. Maciji, kare mai hauka, jandarma, duk ɗaya ne gare shi. Amma ko da kuɗi ba ka sa shi wucewa ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Ni kuma na yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji, aka koro ni, na dawo da Faransancin da bai isa neman aiki ba amma ya isa girman kai. Aka ba ni sakataren ƙungiyar manoman albasa. Yaya yana kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, kuma ba don girmamawa ba.

Wata shekara aka aiko mana wani ma'aikaci daga Tawa, mai kula da lafiyar masu aiki. Mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai aka tsayar da ni tafinta. Ya buɗe takarda ya karanto cewa injin yana fitar da gaz wanda ba a gani, ya taru a cikin rami, ya kashe mutum. To, gaz a wurinmu tukunyar girkin matan ma'aikata ce. Na ga in na faɗi haka za a yi dariya, sai na ce akwai mugunyar iska a cikin ramin inji.

Wani dattijo ya gyara zama ya tambaye ni, "Ana ganinta?"

Na ce ba a ganinta.

"Mi ka tada ta?"

Na ce injin ne, in yana aiki.

Ya juya ya dubi jama'a. "Dama na hwaɗi. Ba su son ƙara."

Ni ban lura ba. Ina can ina jin daɗin yadda Faransanci ke shiga kunnena yana fita ta bakina. Iskar da nake nufi ta shaƙa ce, su kuma iskar da suka ji mai ƙafafu ce, wadda ake yi wa sallama. Ma'aikacin ya karanta dokokinsa: a kashe inji kafin a sauka, a jira, a fifita ramin, a ɗaura wa mai sauka igiya, kada ya sauka shi kaɗai. Ya rufe takarda ya ce bai taɓa ganin manoma masu sauraro irin namu ba.

An sha kawo mana dokoki. An ce a sa safar hannu wajen feshi, safar ta koma hannun mata masu sussuka. An ce a rufe hanci, ba wanda ya rufe. Amma wannan doka ta zauna daram. Kowa ya ɗaura zare a makashin injinsa don ya kashe shi daga sama. Sai a yi sallama a bakin ramin, a zura tabarma a yi ta kaɗawa don a ba ta hanya, a ɗora shayi, ba mai sauka sai an sha zagaye na uku. Yayana, wanda da can yake dirawa cikin rami kamar ɗakinsa, ya koma ba ya taka matakala sai da igiya a ƙugu da mutum biyu riƙe da ita. Rani biyu aka yi haka, ko ciwon kai ba wanda ya fito da shi.

Ni abin ya dinga ci mini rai. Ina ganin manyan mutane suna yi wa rami sallama, kuma kowa na cewa ai ɗan lakwal ne ya faɗa da bakinsa. Har a kasuwar Bangi wani abokin karatuna ya tare ni yana dariya, wai ya ji na zama mai fassara aljanu daga Faransanci. Kunya ta kama ni, sannan haushi.

A taron ƙungiya na gaba na miƙe na yi gyara. Na ce babu aljana, babu kowa a ramin, hayaƙin inji ne kawai. Na ce dokar tana nan, a ci gaba da bi, amma a bi ta da ilimi, ba da jahilci ba. Na ji daɗin wannan jimlar har na maimaita ta.

Yaya ya ce, "Hayaƙi, Mushe?"

Na ce hayaƙi.

"Shekara ashirin ina kwana ɗakin Inna cikin hayaƙin kara. Don hayaƙi ni ka shan shayi ukku albasa na mutuwa?"

Aka yi dariya. Na fara bayani cewa wannan hayaƙin daban ne, amma an riga an fara neman takalma.

Ba a yi sati biyu ba, wata ranar Talata da hantsi, tiyo ya kwance a garkarmu. Zafi ake kamar me, ruwa ya tsaya, rabin fangalai ba su sha ba. Ina tsaye a wurin. Yaya ya tuɓe riga ya nufi matakala, injin yana ta ruri. Na ce, "Yaya, bari in kashe shi, mu jira."

Ya ce, "In an kashe shi ba ya tashi da sauri. Hayaƙi na, kai kac ce."

Ya sauka. Ina kallonsa daga sama ya durƙusa, ya kama tiyon, ya ɗaure, ya sake ɗaurewa a wurin da ya riga ya ɗaure. Sai ya zauna ya jingina da bangon ramin kamar wanda ya gaji. Na kira shi bai amsa ba. Na ja zaren na kashe injin, na yi ihu. Maƙwabtanmu uku suka zo a guje, kuma ba wanda ya yarda ya sauka, ni ma da na yunƙura suka riƙe ni. Da ƙugiyar ciro guga aka saƙalo ɗamarar wandonsa aka jawo shi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba, kuma na san wanda ya jawo.

Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, daga nan aka wuce da shi babban asibitin Madawa. Ya rayu. Amma ya dawo da magana a hankali, hannun dama yana rawa, yakan tashi ya manta abin da ya tashi yi. Bai sake sauka rami ba.

Gari ya yanke hukunci ba tare da ni ba: ya shiga ba sallama, iskar ta kama shi. Washegari kowa ya koma ga tabarma da shayi uku da igiya. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Tausayina ma suke ji, wai boko ya ruɗe ni.

Bayan an kwashe albasa na same shi zaune a zaure yana ƙoƙarin tufka igiya, tana kwance masa. Na zauna na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Can ya ce, "Gaskiyarka ta, Mushe. Na duba ko'ina cikin ramin nan, ban ga kowa ba. Warin isansi, man injin nan, na ji, kaina ya yi nauyi."

Na kama bakin igiyar na riƙe masa.

Ya ce, "Amma kak ka hwaɗa ma kowa. Babban ɗana ka sauka yanzu, kuma halina gare shi."

Ban faɗa wa kowa a garin ba. In ɗan nasa zai sauka, ni ke riƙe igiya, kuma ni ke fara yin sallama.