Kujerar Inna

Ƙas! Ƙarar carbin Inna ke nan lokacin da na jefa shi cikin langa na rufe, kuma wallahi daga nan komai ya fara.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, muna zaune Ƙofar Marusa. Inna ita ce mahaifiyar maigidana, ya sayi wata tsohuwar mota don kai ta asibiti, kujerar gaba tata ce, ni da ɗiyata Ummi kullum muna baya. Ina son Inna, Allah shi ne shaida, ni nake yanke mata farce, amma in na hango shi yana gyara mata matashi yana sunkuyawa ya ji mi take cewa, sai in yi ta istigfari har mu iso gida.

Da ta rasu aka yi arba'in, na cire carbinta da ke rataye a madubin motar, na ɗauke matashin, ban gaya mishi ba. Na shige gaba abina, har da sabon mayafi.

Ranar muna dawowa daga Kambarawa gab da magariba, ya kunna fitila, na waje suka kama, amma dashbod duhu ƙirin, ba ya ganin allurar mai balle ta gudu. Ya bubbuga, shiru. Ina sauka in buɗe ƙofar gida, sai ga fitilun dashbod sun kawo tar!

Haka muka yi sati biyu. Malam Sani mai gyaran wayar mota ya canja fiyus, ya canja ƙwan fitila, ya kankare kan batir. Ƙarshe har gida ya zo, ya ce ƙila wata waya ce ƙarƙashin kujera nauyi ke danne ta. Ya zauna da kanshi, ƙato ne fa, ya yi biyuna, har da jijjigawa, wuta ba ta ko ƙifta ba. Ya ce, "Hajiya, bismillah, ke gwada." Ina zama, ɗif.

Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Alhaji, wannan kam ba ta waya ba ce."

Maigidana madubi kawai ya kalla inda carbin yake da, sannan ya kalle ni. Wannan kallon ya fi mari zafi. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina cewa a raina, tana kabari ma ba za a bar min kujerar ba? Subhanallahi, ku ji abin da kishi ke sa mutum.

Da asuba na mayar da carbin da matashin, na yi mata addu'a mai tsawo, na koma baya. Fitilun ba su ƙara ɗaukewa ba har muka sayar da motar.

Na sani mamaci ba ya dawowa, haka aka karantar da mu, ban kuma ce ga abin da ya faru ba. Ni dai shawarata, 'yan'uwa, kar ku yi gaggawar share wurin wanda ya tafi.

Ranar da na koma baya, Ummi, tana 'yar shekara huɗu, ta kwanto jikina ta yi min raɗa:

"Umma, gara da kika dawo nan. Kullum sai ki zauna ma Inna bisa ƙafa, kuma kin san ƙafar na mata ciwo."