Goro a Gaban Shari'a

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a sha'anin goro ko alƙali sai ya nemi shawarata. Ina taunarsa tun ina saurayi, lokacin da nake bin kwalekwale zuwa Baturiya sarin kifi.

Da tsufa ya zo, zuciyata ta koma kiɗa irin na ɗan koyon kalangu. Wata likita a nan Haɗejiya ta ɗora ni kan ƙwaya sabuwar yayi mai tsinka jini, ta ce ba irin ta da ba ce da ake yawan zuwa awo. Na ce madalla, jinina ma ya huta.

Damina ta sauka, gwiwa ta dame ni a gonar shinkafa, na biya kemis na karɓi maganin ciwon jiki, ban gaya wa kowa ba. Bayan 'yan kwanaki na yi asuwaki, na tofar, ja wur. Na ce goro ne. Tsorona ɗaya, kada a je asibiti a raba ni da shi, don likita in ya rasa abin hanawa, goro yake kamawa.

Hajiyata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta fi ɗan sanda. Ta ɓoye goron kwana biyu, sannan ta miƙo farin kwano.

"Malam, tofa."

Na tofa. Ja.

"Wannan kuma a mafarki ka ci shi?"

Ina neman amsa hanci ya ɓalle da jini. Ta sunkuyar da kaina, ta matse hancin kamar mai tatsar akuya, har asibiti.

Likita ta ce, "Baba, yaushe ka sha ƙwayar ƙarshe?"

Na ce lokacin da mai manja ta wuce.

"Bayan asuba ne, likita," in ji Hajiya. "Ga kuma wanda yake sha a ɓoye." Ta zazzage na kemis a tebur.

Likita ta ce, "Ga ɓarawon nan. Shi da namu ba sa zama ciki ɗaya."

Aka toshe hancin, aka auna jini, likita ta faɗi ranar da zan koma shan ƙwayarta, ta ce kada in kuskura in daina da kaina.

Ta cikin auduga na ce, "Goro fa, 'yata?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba."

Goro dai an wanke shi, ni aka ɗaure. Yanzu kullum da safe sai na tofa a farin kwano, Hajiya ta duba a hasken rana, sannan a ba ni ɓari guda.