Cilakowar Tsamiyar Gidanmu

Jiya na ji kukan cilakowa a bayan gidan 'yata, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Gidan da na tashi a Ƙofar Marusa akwai tsohuwar tsamiya mai kogo. Duk damina cilakowa biyu ke zuwa, su ɗin dai, mata da miji. Kakarmu ta shaida namijin, don bakinsa a ɗan ɓalle yake. In lokacin ƙwai ya yi, macen ta shige kogon, su liƙe ƙofar da laka, sai 'yar tsaga da baki zai wuce. Can ciki take zubar da gashin fiffikenta. Shi ko tun da safe yana jigila, ya kawo fara, ya kawo ɓaure, yana miƙa mata ta tsagar. Ku gane, ranta kaf a bakinsa yake.

Shekarun da kuɗin mai suka haukata mutane, ƙanen babanmu ya zo daga Kaduna da sabon babur da bindigar harbin tsuntsu. Ba yunwa yake ji ba, ranar har kaza aka yanka masa. So kawai yake abokai su ga ya iya saiti. Namijin na sauka da fara a baki, ya harbe shi.

Kaka ta fito ko ɗankwali babu. "Kai, mi ya yi maka? Akwai mai jego cikin iccen nan!"

Ya yi dariya. "Haba Iya, tsuntsu ne fa. In sawo miki aku?"

"Akun zai ciyar da ita, sakarai?"

Kwana uku ina taka tsani ina tura mata fara. Ta ƙi karɓa a hannuna, sai dai ta ja baya tana kira. Rana ta huɗu shiru. Kaka ta sa aka fasa lakar, muka same ta kwance kan 'ya'ya uku, kiyashi sun rufe su.

Yanzu an sare tsamiyar, shaguna ne a wurin, yaran unguwar ko sunan tsuntsun ba su sani ba. Shi kuma ƙanen baban namu ya rasu bara. Na yi masa addu'a, jinina ne. Amma da na ji ana faɗi a wurin zaman makoki wai mutum ne mai tausayi, ko dabba ba ya so a cuta, tashi na yi na nemi takalmina.